Maɓalli a Kafaɗar Hagu

Tun ranar da igiyar ƙarfe ta tsinke a tashar jiragen Bur Sudan
ta zabge ni a kafaɗar hagu,
hannun nan bai sake gaisawa da kunnena ba.
Yakan taso zuwa ƙirji, ya tsaya,
kamar baƙon da aka bari a ƙofar zaure.

Likita ya ce nutso ba laifi,
ruwa ma rangwame ne gare ka, yana ɗauke nauyi.
Bai san ba ruwan ne damuwata ba,
shiga ɗamarar ce.

Ɗamarar jirgin Ohaj maɗauri ɗaya ne tak.
Ya ratsa farantin ƙarfe ta sama, ya ɓullo ta ƙasa,
ya zaga kafaɗa, ya zaga ƙugu,
ba yanka, ba gaɓa, maɓalli guda a kan cibiya.
In za ka sa ta sai ka lanƙwasa hannu baya
kamar kazar da za a kai kasuwa.
Na gwada. Na ga taurari da hantsi.

Na ce, Ohaj, bari in yanke nan, in sa maɓalli.
Ya ajiye finjalin gahawarsa.
Ya ce kowane maɓalli ƙofa ce,
teku kuwa ba ta sallama.
Ya ce a jirgina, mu biyu ne ko mu goma, shiga ɗaya muke yi,
don in iskarka ta ƙare cikin duhu
hannuna ya san inda komai naka yake
ba sai ya tambayi ido ba.
Sai ya ambaci wani Mahjub,
da maɓallin roba da ya fashe gaba ashirin ƙarƙashin Sanganib,
tulun iska ya zame gefe, sannan
bai ƙarasa ba. Ban tambaya ba.

Gaskiyarsa ce. Na kwana da ita tana danne min kafaɗa.
Sai dai a jikin mai hannu biyu lafiyayyu aka auna dokar nan.
In na taso, igiyar ruwa na maka ni da gefen jirgi,
wa zai zare ni daga ciki?
Abin da ke ceton su, ni ɗaure ni yake yi.

Na kai ta wa Tanko baduku a Dem Suwakin,
wanda kakansa ya taho hajji a ƙafa daga Haɗeja,
guzuri ya ƙare a bakin ruwan nan,
ya zauna yana gyaran sirdin raƙuma.
Tanko ko a randa bai taɓa nutso ba.
Ya juya ta, ya shinshini gishirin,
ya ce kar mu yanke.
Mu bar mata rara, mu ninke rarar, maɓallin ƙarfe ya riƙe.
In ya ci amana, ta saki taƙi ɗaya, ba ta rabu ba.

Ohaj ya rataye ta a ƙugiyar jirgi,
ya ɗora tulu biyu, ya ɗora kansa,
yana lilo, babba da shi,
yaran jirgi na ƙunshe dariya a hannun riga.
Ya sauko. Ya ce har yanzu ba ƙa'ida ba ce,
kuma ba zan koya wa kowa wannan ba.
Ya ɗauko jan zare ya ƙulla a maɓallin,
ya kira kowa ya zo ya lalube shi, ido rufe, sau uku-uku.

Ranar Talata muka sauka, gaba biyar kawai,
yana haguna, kusa har ƙafar robarsa na bugun tawa.
Murjani na nan yadda na bar shi wata goma sha huɗu.
Wani kifi mai bakin aku na gurguren dutse,
ina jin ƙarar haƙoransa har cikin kaina.
Ohaj bai dubi ko ɗaya ba.
Jan zaren yake kallo,
wanda a can ƙasa ya riga ya koma baƙi.